Motar da Armiya'u Ya Ɗaga

Katanga ɗaya ce ta raba gidan su Lubabatu da garejin Kawu Mainasara a Kaura, saboda haka duk maganar da aka yi a gindin darbejiyar gareji sai ta tsallako ta same ta a bakin murhu. Ran nan tana tsince shinkafa ta ji muryar mijinta Armiya'u a sama, ta kawunta kuma ƙasa-ƙasa.

"Ɗaga ta nika so a yi, Kawu. Ba ɗan kaɗan ba."

"Na ji. Kamar ƙaƙa?"

"Yadda ko rijiya na shiga da ita, in hito."

Armiya'u direba ne. Yana da tsohuwar akori-kura, fara ce a da, jar ƙasa ta rine ta. Kullum daga Kaura yake bin titin Zurmi, ya saki kwalta ya shiga daji, ya bi ƙauyuka har Tungar Rufa'i, garin iyayen Lubabatu. Da safe ya kwaso mutane, da yamma ya mayar da su. Da rani motar ba ta ba shi wahala. Amma da damina manyan motocin itace sukan haƙe hanyar, su bar kwari biyu da tudu a tsakiya, sai cikin motar ya hau tudun ya zauna, tayoyi suna ta juyawa a banza. A makon da ya wuce wuni ya yi cur a caɓi, fasinjojinsa suka ɗauki kayansu a ka suka bar shi.

Wannan kuwa ita ce daminar farko bayan ƙaddamar da shari'a. 'Yan kabu-kabu sun daina ɗaukar mata, don haka duk macen da ke son zuwa kasuwa ko asibiti daga ƙauyukan nan, motar Armiya'u take jira. Bai taɓa samun mutane kamar na bana ba, kuma bai so hanya ta raba shi da su.

Kawu Mainasara ƙanen mahaifiyar Lubabatu ne, ya tsufa a ƙarƙashin mota. Ta ji shi yana ƙwanƙwasa wani ƙarfe kafin ya amsa.

"In ƙara maka ganyen sifirin biyu kowane gehe, ta tashi kamar faɗin tahin hannu. Sannan ka samo tayoyi masu faɗi, da wili mai hitowa waje. Abin da ka ɗaga sama, dole ka buɗe mashi ƙahwa."

"Masu faɗi na yashi ne, Kawu. Cikin laka iyo sukan yi. Na ga wasu a Shinkafi ran Alhamis wurin mutanen Nijar, na Landirofa, dogaye sirara. Su ne ka yanka laka har su taɓa ƙasa mai ƙarhi."

"Dogayen nan ba su shiga sai an sa dungun ƙarhe ƙarƙashin sifirin. Ga ganye, ga dungu, ga doguwar taya. Kai mota kaka so ko rumbu?"

"Rumbu ba shi kahewa, Kawu."

"Ba shi tahiya kuma."

Armiya'u ya yi dariya. Kawu bai yi ba.

Da la'asar Kawu ya shigo gidan shan ruwa, kamar yadda ya saba. Lubabatu ta durƙusa ta miƙa masa moɗa. Ya sha, ya share gemunsa da bayan hannu, ya tsaya yana kallon ta.

"Kin ji mu, ko?"

"Na ji, Kawu."

"Zan yi mashi. In na ƙi, wurin wani za shi kai ta, a ɗaure mashi da notin keke. Gara hannuna. Amma ke ɗiyata, ki yi mashi magana. Mota in ta yi tsawo, ba ta son a karkata ta. Rana ɗaya ta ishe ta."

"Ni, Kawu?"

"Ke mana. Wa za shi rasa in ta kihe da shi, ni ko ke?"

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta. Lubabatu tun tana ƙarama ba ta da baki. A makarantar firamare ta Tunga har ta bari malaminsu bai san muryarta ba. Shekara biyu da aurenta, amma har yanzu in Armiya'u ya ɗago ido ya dube ta, maganar da ta shirya sai ta narke.

Ran Alhamis ya tafi Shinkafi ya dawo da tayoyin ɗaure a bayan mota, baƙaƙe, masu haƙora kamar na zarto. Aka yi kwanaki tana jin guduma da ƙarar walda ta bayan katanga. Ranar da aka gama, ya kira ta ta leƙa ta ƙofar zaure.

Ba ta gane motar ba. Ta tashi sama a kan siraran ƙafafu, har ana hango gidan da ke tsallaken hanya ta ƙarƙashinta. Ƙofar direba ta kai wa Armiya'u ƙirji, sai da ya kama ƙarfe ya ja jikinsa sannan ya shiga. Kafin magariba mutanen unguwa sun raɗa mata suna Raƙumin Dawa.

"Ƙaƙa kinka gan ta?" ya tambaye ta, fuskarsa cike da murna.

"Ta yi tsawo," in ji ta.

"Ai shi anka so."

Akwai kuma wani aikin da aka yi a bayan motar. Direbobin tasha sun yarda a tsakaninsu cewa kowa ya raba wurin zaman maza da na mata. Wasu suka gitta labule, mata a gaba, maza a baya. Armiya'u ya ce wannan aikin banza ne, domin ƙofa ɗaya ce a baya, in mace za ta sauka sai ta ratsa ta tsakiyar maza. Sai ya sa aka kafa katako a tsaye daga bayan kan motar, inda direba yake zama, har bakin ƙofa, ya raba bayan motar gida biyu. Hagu na mata, dama na maza, kowa da hanyar saukarsa. Aka lulluɓe saman da tamfol a kan ƙarafan da Kawu ya yi wa walda, aka kuma liƙa matakala a gefen mata. Dattawan tasha suka yaba. Mazan ƙauye da a da suke hana matansu shiga mota suka fara barin su.

Makonnin farko komai ya tafi daidai. Raƙumin Dawa ta riƙa ratsa wuraren da wasu motoci suke kafewa. Armiya'u yakan dawo da wuri, jikinsa ba taɓo, yana ba da labarin wanda ya wuce a hanya yana tona taya da fartanya. Lubabatu takan yi murmushi. Ta fara tunanin ko tsufa ne ya sa Kawu tsoro.

Sai wata safiya, bayan an kwana ana ruwa, Armiya'u ya ce ta ɗan share masa bayan motar kafin ya fita. Ta hau matakala da tsintsiya. Ruwan da ya ɗigo ta ɓular tamfol bai kwanta a tsakiya ba. Duk ya gangara ya taru a gefen maza, gefen mata kuwa ya bushe ƙayau. Ta sauko ta koma baya ta tsaya tana kallo. Ƙofar gidansu shimfiɗaɗɗiya ce, kuma babu kowa a cikin motar, amma kafaɗarta ta dama ta sauka, kamar macen da ta daɗe tana ɗaukar ɗa a ƙugu ɗaya.

Da rana ta aika aka kira mata Kawu.

"Na gani tun shekaranjiya," ya ce. "Sifirin ɗin dama ne ya fara gajiya. Maza sun hi yawa, kuma kowa da buhunshi. Na gaya mashi, ya ce bayan damina. Ke kin yi mashi magana?"

Ta girgiza kai.

Da yamma ta kawo wa Armiya'u tuwo, ta zauna nesa kaɗan tana yi masa fifita. Ta bari ya ci ya ƙoshi.

"Malam."

"Na'am, Luba."

"Motar nan... na ga kamar ta karkace."

"Kawu ya aiko ki?"

"Ni na gani."

Ya wanke hannu, ya yarfe. Bai yi fushi ba, shi ba mai fushi ba ne. "Kowace mota tana da yadda taka tsayuwa. Ni ka jin ta a sitiyari, in akwai wani abu ni zan fara sani. Ki bar tsoro. Wanda bai shiga mota ba, ya hi direba ganin haɗari."

Ta so ta ƙara, amma ya riga ya miƙe yana neman buta.

Tun daga ranar ta daina jin daɗin safiya. In ya tayar da injin, sai ta tsaya da abin da ke hannunta har ƙarar ta ɓace. Wurin da ya fi zo mata a rai shi ne ƙoramar da ke gab da Tunga. Ta san ta, a nan ta yi wanki tun tana yarinya. Hanyar ba ta sauka kai tsaye, gefen gaɓa take bi a karkace kafin ta kai yashi. Mai fitowa daga Tunga, gangaren yana hagunsa. Mai komawa kuwa, yana damansa. Kuma da yamma ake komawa, lokacin da maza suka sayo kaya.

Ana haka yayarta ta haihu a Tunga. Suna ya faɗo washegarin kasuwar Kaura. Ran kasuwar Lubabatu ba ta bi Armiya'u a fitarsa ta asuba ba, domin tana da gumba da za ta daka, sai aka shirya ta bi ta yamma tare da 'yan kasuwa.

Ta iso tasha da ƙullin kayanta, hijabinta har ƙasa. Armiya'u ya ce ta shiga gaba, ai matarsa ce, ba wanda zai ce uffan. Kunya ta hana ta, ga mutanen garinsu cike da wurin. Sai ya ɗora buhunan taki a kujerar gaban don kada ruwa ya jiƙa su, ita kuma ta hau gefen mata ta shige can ciki, ta jingina da bayan kan motar.

Mata ba su da yawa ran nan. Akwai Inna Asabe mai daddawa, tsohuwar da ta san ranar da aka haifi Lubabatu, kuma ba a taɓa kayar da ita a magana ba. Akwai Fatimatu, Bafillatana doguwa, da 'yan uwanta masu tallan nono, sun sayar sun kife ƙoransu wayam. Sai wata mai jego da jaririnta. Har wurin miƙe ƙafa suka samu.

Ta bayan katakon kuwa sai dirim, dirim, ana jibga buhuna. Lokacin zuba taki ne, kowa ya sayo. Ga gishiri, ga siminti na wani mai gyaran ɗaki. Duk buhun da ya sauka, Lubabatu tana jin bencin da take kai yana ɗan tashi.

Wani mai suna Namadi, wanda duk Tunga aka sani da barkwanci, ya zagayo bakin ƙofar mata da buhu a kafaɗa.

"Inna, ku ara muna wuri. Mu can kamar kihi cikin gwangwani."

"Wuce da shi," in ji Inna Asabe. "Gehenmu ne. Shekara nawa kuna zamna muna bisa ƙahwa? Bana Allah ya raba."

"Buhu ne hwa, Inna, ba namiji ba."

"Buhu na da mai shi. Yau buhu, gobe kai ka biyo shi kana neman shi cikin mata. Na san ka tun kana yawo ba wando."

Mata suka kwashe da dariya, maza ma suka taya su ta bayan katako. Lubabatu ta buɗe baki don ta ce a bar shi ya ajiye, ta ga duk idanu za su dawo kanta, sai ta rufe. Namadi ya koma da buhunsa. Da wuri ya ƙare, maza suka hau kan buhunan suka zauna, kawunansu suna gugar tamfol.

Suka bar Kaura bayan la'asar. Hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, amma ko iska babu. A kan kwalta, duk kwanar da suka sha sai motar ta yi lilo, ta tafi dama ta daɗe kafin ta dawo. Matan Fulani suna dariya suna riƙe ƙoransu.

"Ɗiyar nan, lahiya?" in ji Inna Asabe. "Kin riƙe ƙarhe kamar za a ƙwace maki. Motar mijinki ce hwa."

"Lahiya lau, Inna."

"Ko dai an samu ne? In amai ne ki ce, mu matsa."

Ta rufe fuska da hijabi, aka ƙara yin dariya.

Da suka saki kwalta suka shiga daji, hira ta ragu. Gero ya yi tsawo a gefe biyu, ganyensa yana shafar tamfol. An yi ruwa a nan da hantsi, hanyar ta yi santsi. Dogayen tayoyin suna aikinsu, suna yanka laka suna wucewa. A wani kwari suka tarar da wata mota ta kafe har ciki, Armiya'u ya kewaye ta yana danna ƙaho, maza suka yi ta yi wa direbanta tsiya. A ƙauye na farko biyu daga cikin masu nono suka sauka. Namiji ko ɗaya bai sauka ba.

Sai ga kukar da ke bakin ƙorama. Lubabatu ta hango ta ta tsagar tamfol, ta ƙara riƙe ƙarfe.

Armiya'u ya rage gudu, ya sa giya ta ɗaya. Motar ta sa kai a gangaren a hankali. Ruwan hantsi ya cinye kwarin dama, ya ƙara masa zurfi. Tayar gaba ta faɗa ciki, ta baya ta bi ta. Sai duniya ta karkace. Mata suka zame daga benci suka taru a jikin katako, ƙorai suka gangara suna ƙara. Ta gefenta Lubabatu ba ta ganin gaɓa, ba ta ganin kuka, sai baƙin hadari kawai. Jaririn ya fara kuka. Ta bayan katako wani ya ce, "Bismillahi," Namadi kuma ya ce, "Raƙumi na son ya sha ruwa."

Motar tana tafiya, taku-taku, tana ƙara. Saura kaɗan ta kai yashi, amma Lubabatu ba ta ga wannan ba. Abin da ta ji kawai shi ne muryar Kawu, da nauyin matan nan a jikinta, da jaririn. Hannunta ya tashi da kansa. Ta bubbuga kan motar da tafinta, da ƙarfi, yadda fasinja yake yi in ya iso wurin saukarsa.

Direba in ya ji wannan bugun, ƙafarsa ce take amsawa kafin kansa. Armiya'u ya taka birki. Motar ta tsaya a tsakiyar gangaren, a karkace.

"Inna, mu sauka," in ji Lubabatu. Muryarta ta fito sarai, har ita kanta ta yi mamaki. "Don Allah mu sauka mu taka da ƙahwa."

Ba baƙon abu ba ne. Tun kafin a ɗaga motar, a nan ake sauke mata da tsofaffi su tsallaka a ƙasa. Inna Asabe ba ta jira an maimaita ba.

"Kun ji matar direba. Mai ɗa, ke fara. Maza-maza."

Mai jegon ta dira. Matan Fulani suka bi ta, suna miƙa wa juna ƙorai. Lubabatu ta ji muryar mijinta daga tagar gaba, yana faɗin wata magana yana maimaitawa, amma ga ƙarar inji, ga kukan jariri, ga Inna Asabe tana neman takalminta. Maza ba su motsa ba. Buhuna sun tare musu ƙofa, kuma wa zai yarda a ce ya sauka tare da mata don tsoro?

Ita ce ta ƙarshe, domin ita ce a can ciki. Ta taka matakala, ta ji ta yi nisa da ƙasa fiye da yadda ta san ta. Ta dira.

Ƙafarta tana taɓa ƙasa ta ji sifirin ya yi wani dogon kuka. Ta juya. Tayar baya ta hagu tana gabanta, kusa da ita. Ta ga laka tana ɓantarewa daga haƙoranta tana faɗuwa. Ta ga haske ya shiga tsakanin tayar da ƙasa. A lokacin ne maganar Armiya'u ta iso kunnenta sarai, ya leƙo da kansa ta taga yana kallon baya.

"Ku zamna! Kada ku sauka, ku zamna!"

Ta gane. Su ne suke riƙe da motar. Su da ƙoransu wayam, da tsohuwa, da mai jego, ɗan nauyinsu shi ne ya hana ta tafiya tun ɗazu.

Ta yi tsalle ta kama ƙarfen gefe da hannu biyu, ta rataya. Motar ba ta ma san da ita ba. Ƙarfen ya ɗaga ta, ƙafafunta suka bar ƙasa. Fatimatu ta cafke ta ta ƙugu ta fizgo ta, suka faɗi tare a laka.

Ba da sauri ta tafi ba. A hankali ta kwanta, kamar saniyar da aka ɗaure wa ƙafafu za a yanka. Sai ƙara ɗaya mai nauyi, ƙasa ta amsa. Injin ya yi tari ya mutu. Tayoyin hagu biyu suka ci gaba da juyawa a sama.

Na ɗan lokaci ba a jin komai sai jaririn. Sannan salati ya tashi daga ƙarƙashin tamfol.

Ƙarafan da Kawu ya yi wa walda sun lanƙwashe amma ba su karye ba. Matan Fulani suka ruga suka fara jan buhuna daga bakin ƙofa, Fatimatu ta zaro 'yar wuƙa ta farke tamfol. Maza suka riƙa rarrafowa ɗaya bayan ɗaya, fari fat da taki da siminti. Namadi ya fito goshinsa a fashe. Wani ya fito yana tallafe da hannunsa. Aka duba, aka kira sunaye, kowa ya amsa.

Sai direba.

Lubabatu ta zagaya gaban motar. Gilashi ya yi tsaga-tsaga, ba a ganin ciki. Ta tsaya, bakinta a buɗe, ba ta san da wane suna za ta kira shi a gaban mutane ba. Maza biyu suka hau jikin motar, suka ɗaga ƙofar da yanzu take kallon sama, suka leƙa.

"Yana numfashi," in ji ɗaya. "Ƙahwarshi ce ta maƙale."

Sun daɗe kafin su fito da shi. Ya faɗa kan buhunan da ke kujera, amma ƙafarsa ta dama ta saura a ƙarƙashin sitiyari, cinyar ta karye. Da suka ɗago shi ya yi ƙara sau ɗaya, ya cije bakinsa. Suka shimfiɗe shi a kan yagaggen tamfol a tsallaken ƙorama. Ɗigon ruwa ya fara sauka, manya-manya.

Wani makiyayi da ya ga abin daga nesa ya ruga Tunga, aka zo da amalanken shanu. Akwai maɗori a garin. Aka ɗora Armiya'u, aka ce matarsa ta hau ta riƙe masa kai. Sauran suka biyo a ƙasa, kowa da abin da ya iya ɗauka.

Inna Asabe tana tafe a gefen amalanke, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu, tana ba mutanen da suka taryo su labari.

"Wagga ɗiya ita ta cece mu. Wallahi ita. Mu muna ta surutu, ita Allah ya nuna mawa. Ta buga mota, ta ce mu sauka, muna sauka sai ga shi. Da yanzu da mu da jinjirin ga muna ƙarƙashi."

"Allah shi yi maki albarka," in ji mijin mai jegon, wanda ya karɓi ɗansa ya rungume. "Allah shi ba ki masu yi maki."

Mutane suka amsa da amin. Wata ta miƙo hannu ta shafa bayan Lubabatu. Ita dai ta sunkuyar da kai, ta ware hijabinta ta kare wa mijinta fuska daga ruwa. Suka ɗauka kunyarta ce ta kullum.

A ƙarƙashin hijabin idanunsa a buɗe suke. Duk ramin da amalanken ya faɗa sai fuskarsa ta yamutse. Ya daɗe yana kallon ta.

"Luba."

"Na'am."

"Ke kinka buga?"

Hawayenta ya ɗiga a wuyansa.

"Saura tsawon mota ɗaya mu kai yashi," ya ce, a hankali, yadda ita kaɗai za ta ji. "Na ji ta a sitiyari. Kowace ta sauka, ina ji."

"Malam, ni..."

"Bar shi. Kada ki gaya ma kowa."

Ya rufe ido. Ta duba fuskarsa ta rasa gane ko zafin ƙafar ne ko wani abu.

Ruwan ya kece sosai. Daga baya wani ya ce ƙorama ta kawo, ta fara taɓa motar. Maza kaɗan suka tsaya suna waiwaye, sannan suka ci gaba da tafiya. A bakin gari wasu mata suka fito da tabarmi a ka, Inna Asabe ta ja numfashi ta sake ɗauko labarin daga farko.